Taga ta Goma Sha Bakwai

Ranar Alhamis, la'asar sakaliya, na tare ɗan okada a bakin shagona da ke Oke-Ado, na ce ya kai ni Apata. Taga ɗaya kawai zan je in duba. Na jefa tef da lebur na gwada daidaito da ƙaramar guduma cikin jaka, na leƙa bayan shago na ce wa matata Ramota ta rufe mini tuwon amalata, kafin isha'i na dawo.

"Tagar nan ce dai?" ta tambaya, ko ɗagowa daga kan tukunya ba ta yi ba.

"Ita ce."

"Baba Sikira, gari na haɗa hadari. Ka bari sai da safe mana."

"Da safe Alhaja za ta zo da bakin nan nata. Gara in riga ta."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ci gaba da tuƙi.

Sunana Mukaila, amma a gida Baba Sikira ake ce mini, wato uban Sikira. Shekara ashirin da biyu ke nan ina aikin gilashi da alminiyam a Ibadan, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne ragar ado. Duk wanda ya wuce ta gaban sababbin shaguna ya ga irinta, fararen sanduna sirara da aka sarƙa gida-gida a jikin taga. Da yawa suna zaton daga waje ake manna su. Ba haka ba ne. Gilashi biyu ne, tsakaninsu bai fi kaurin yatsa ba. A wannan tsakiyar ake kwantar da ragar, sannan a bi gefe huɗu da baƙin gam a toshe. Da zarar gam ya bushe, magana ta ƙare. Ƙura ba ta shiga, iska ba ta shiga, balle hannun mutum. Mai son taɓa sandunan sai dai ya fasa gilashin.

Taga ashirin da huɗu na yi wa Alhaja Wosilatu, babbar mai sayar da leshi a kasuwar Gbagi, a sabuwar filazar shagunan da ta gina. Kowace taga daga ƙasa take har ta wuce kan mutum, gida huɗu a faɗi, shida a tsayi. Ashirin da uku suna nan yadda na kafa su, ko yau ka je ka aza lebur sai ka sara mini. Ta goma sha bakwai ce ta hana ni sakat.

A shagon ƙarshe na ƙasa take, tana kallon yamma, inda filin ya gangara zuwa rafi. Kwana uku da kafa ta, Injiniya Dapo, mai kula da ginin, ya kira ni a waya.

"Oga Mukaila, zo ka ga abin da ka haifa."

Na je na gani. Sandar tsakiya, daga ƙasa har daidai ƙirjina, ta lanƙwashe gefe. Na kwance guda uku da ke haɗe da ita sun ɓalle, wasu sun karkace dama, wasu hagu, kamar inda akuya ta kutsa danga. Gilashin kuwa ko tsagewa bai yi ba, na ciki da na waje. Na bi gam ɗin da farce kaf, ban sami ƙofa ko ta allura ba.

"Kayan arha," in ji Injiniya, idonsa na kan wayarsa.

"Da su na yi sauran ashirin da ukun."

"To su ma suna nan tafe."

Na cire tagar, na yi sabuwa, na ce wa kaina ƙila zafin ranar yamma ne. Kwana biyu ta sake lanƙwashewa, a wuri ɗaya, kamar an kwafa. Karo na uku na ɗaure kowace mahaɗa da ƙusa, na zura siririn ƙarfe cikin kowace sanda. Kafin in rufe sai da na hau ragar da ƙafata biyu, ba ta motsa ba. Wannan kwana ɗaya tak ta yi.

Ranar Laraba Alhaja ta zo da kanta. Na zube ƙasa na gaishe ta, ba ta ce in tashi ba. Ta tsaya gaban tagar, hannu a ƙugu, leburori sun ajiye aiki suna kallo.

"Mukaila, ni ka raina, ko aikin ne ya fi ƙarfinka?"

"Alhaja, wallahi babu ko ɗaya."

"Shagon nan na 'yata Morenike ne. Rigunan amare za ta jera bayan gilashin nan. Asabar za a buɗe, na gayyato mutane tun daga Legas. So kake su zo su tarar da taga mai shanyewar ɓarin jiki?"

Leburori suka tuntsure da dariya. Injiniya ya taya su.

"Ma, akwai hannun wani cikin abin nan."

"Wane hannu? Ba kai ka ce mini da bakinka ko iska ba ta shiga ba?"

Ni kuwa na faɗa, da bakina.

"Ginin da nake yi a Akobo hawa uku ne, duk gilashi, kuma da kai na yi niyya. In Asabar ta same ni da wannan abin kunya, 'yan Legas zan kira. Sannan duk Gbagi sai sun ji sunanka."

Wanda matan Gbagi suka ji sunansa ta wannan fuskar, ya tafi kawai ya koma ƙera akurkin kaji.

A kan hanyar gida na yi ta juya abin, har na tsayar da magana ɗaya. Sata ce ake yi mini ta suna. Wani ne ke zuwa bayan an tashi, ya kwance tagata ɗungurungum, ya maye da lalatacciya, don a ƙwace mini Akobo. Ban cire Injiniya daga zargi ba. Don haka da na gama ta huɗu, na karce harafin sunana ƙarami a kusurwar ƙasa, inda ba mai lura. Na kafa ta da safiyar Alhamis. Da yamma kuma na koma, in zauna in ga ɗan banzan da idona.

Lokacin da ɗan okada ya sauke ni, ma'aikata duk sun watse. Sama ta yi baƙi ta gabas, ta yamma kuma ja kamar manja. Baba Lamidi maigadi na zaune kan benci a bakin ƙofa, yana alwala da buta, masara biyu na gasuwa kan gawayi kusa da ƙafarsa. Tsoho ne ɗan unguwar, ba ya son yawan magana.

"Baba, sannu da aiki. A ba ni makullin sha bakwai."

Ya gama wanke ƙafar hagu tukuna. "Yanzu?"

"Yanzu."

"Mai gilashi, rana ta kusa faɗuwa. Zauna ka ci masara, mu yi salla, ka tafi gida."

"Baba, ku gaya mini gaskiya. Wa kuke buɗe wa ƙofa in an tashi?"

Ya dube ni, bai yi fushi ba. "Shekarata saba'in da ɗoriya. Ba a taɓa ce mini ɓarawo ba sai yau."

"Ban ce ba. Amma taga ba ta lanƙwasa kanta."

"Haka ne."

Ya lalubo makullin daga aljihu, ya riƙe bai miƙo ba.

"Ni ban san komai ba," ya ce, ya rage murya. "Na dai san kafin a yi ginin nan, akwai wata 'yar hanya da ta taso daga rafi ta ratsa ta nan, ta haura tudu. Ciyawa ba ta taɓa tsira a kanta ba. A nan aka haife ni, kuma ban taɓa ganin wanda ya bi ta ba."

Raina ya ƙara ɓaci. Sati biyu ina asarar gilashi da barci, ga Alhaja, ga Injiniya, yanzu kuma tatsuniya.

"Baba, makullin."

Ya sa mini a tafin hannu. "In ka ji kwaɗi sun yi shiru, ka fito."

Na bi barandar har ƙarshe. Babu wuta, ba a haɗa ba tukuna. Na buɗe shagon na shiga, na bar ƙofar a buɗe. Warin sabon fenti da ɗanyen siminti ya cika ciki, da ɗan warin gam ɗina. Babu komai sai wani bokitin fenti da aka kife. Ta tagar ina hango gangaren, ciyawa, ayaba, da layin bishiyoyin bakin rafi. Kwaɗi na ta kuka kamar an biya su.

Na durƙusa na haska kusurwa da wayata. Harafina na nan. Na aza lebur a tsaye, ɗigon ruwan ya zauna daram a tsakiya. Na aza a kwance, haka. Na auna gidajen ɗaya bayan ɗaya da tef, duka ashirin da huɗun, babu wanda ya fi wani ko da kaurin gashi. Aiki ne mai kyau. Na tsaya ina kallonsa, don na san aikin da na yi.

Na jawo bokitin zuwa lungu, inda mai zuwa ba zai gan ni ba. Na zauna, na kashe fitilar waya, na aza jakar kusa da ƙafata.

Can nesa aka fara kiran salla. Na ce in an jima kaɗan zan tashi.

Jan sama ya koma ruwan toka.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi.

Na tuna maganar tsohon, na kuma yi tsaki. Ƙila maciji ne ya ratsa. Ban motsa ba.

Wari ne ya fara zuwa. Warin laka ta ƙasan rafi, irin wadda ba ta taɓa ganin rana ba, da hayaƙin tsohon itace. Ya danne fentin, ya danne simintin.

Sannan sauti.

Ƙis.

Kamar kwanon rufi in yana hucewa da yamma.

Ƙis. Ƙis.

Daga tagar yake fitowa. Na miƙe tsaye a hankali. Babu kowa a waje, ina ganin filin fayau har bakin ayaba. Babu kowa a ciki sai ni.

Gilashin ya fara yin hazo daga ƙasa.

Na matsa, na shafa da gefen rigata. Bai goge ba. A bushe yake ta wajena. Hazon na tsakiya ne, tsakanin gilashin biyu, wurin da ni da hannuna na busar na toshe.

Yana hawa gida-gida. Layi na farko. Na biyu. Na uku.

A cikin hazon, daidai gwiwata, wani abu ya goga. Layi huɗu, a jere, daga sama zuwa ƙasa.

Yatsu.

Daga ciki.

Sandar tsakiya ta yi ƙara. Ina kallo ta fara bauɗewa hagu, sannu sannu, da ƙarfen da na zura mata da komai. Ƙusa ɗaya ta tsinke, ta faɗa ƙasan tagar, ta yi 'yar ƙara kamar an yar da allura.

Ya kamata a ce gudu na yi. Na sani. Amma abin da ya taso mini ba tsoro ba ne. Dariyar leburori na ji, da muryar Alhaja, na tuna daren da na raba a sunkuye kan wannan ragar.

"Kai!" na daka tsawa. "Aikina ne!"

Na mari gilashin da tafin hannun dama.

Hannun bai dawo ba.

Na ja. Ya manne. Sanyi ya huda tafin, ya bi ƙashi har kafaɗa, irin sanyin da ke ƙuna.

Ƙarar ta tsaya.

Hazon da ke kewaye da hannuna ya janye, sai na gan su.

Mutane ne, in mutane ne. Falle-falle suke kamar an yanko su daga takarda, suna tsaye a kaikaice cikin wannan ɗan tsakanin da bai fi yatsa ba. Ragar ta rarraba su. A wannan gida kafaɗa, a wancan gwiwa, a wani rabin fuska. Da kaya a kansu, tulu, ƙunshi, dami. Bayansu wasu, bayan waɗannan wasu, layi guda har inda idona ya ƙare, har rafi. Duk sun tsaya cak. Suna jira.

Ta gaba tsohuwa ce. Ta sunkuyo har fuskarta ta cika gida ɗaya, daidai tawa. Idonta ba fari, duk ruwan laka ne. Bakinta bai motsa ba, amma na ji ta cikin ƙashin hannuna.

"Kai ne."

Na sake jan hannun, bai motsa ba.

"Sau uku muna buɗewa," ta ce. "Ka sake ɗaurewa."

"Aiki..." Muryata ta fito kamar ta wani. "Aiki aka ba ni, Mama."

"Bango bai tare mu ba. Gilashi bai tare mu ba. Kai ka gicciya mana ƙarfe."

"Ban sani ba."

"Na bayana sun gaji. Da kaya a kansu."

Wani motsi ya bi layin, kamar iska cikin busasshen ganye.

"Ku sake ni, zan cire. Gobe zan cire."

"Ba ma tafiya gobe."

Ta kai hannunta daidai nawa, daga ciki. Tafi da tafi.

"Zo ka riƙe mana ita a buɗe."

Na ga yatsuna sun fara shiga.

Gilashin bai fashe ba. Kamar ruwa ya karɓe su. Yatsa na tsakiya ya fara wucewa, sai na kusa da shi. Ta can ciki na gan su sun baje, sun zama falle, ba jini, ba kauri.

Na buɗe baki zan yi a'uziyya.

Babu iska.

Numfashina na fita, ba ya dawowa. Ina ganinsa da idona, fari, siriri kamar zare, yana fita daga bakina yana ratsa gilashin. Hazon ciki na ƙara kauri. Tsohuwar ta lumshe ido.

Wuyan hannu ya shiga.

Kumatuna ya taɓa gilashin.

Ƙirjina kamar an ɗora buhun siminti. Gefen idona ya fara duhu.

Na miƙa ƙafa baya. Ban taɓo komai ba.

Na sake miƙawa. Yatsan ƙafa ya kamo igiyar jaka.

Na jawo.

Hannun hagu ya faɗa ciki. Tef. Lebur.

Guduma.

Na ɗaga na buga a tsakiya. Ta yi tsalle ta dawo. Gilashi mai ƙarfi na saya, don kada Injiniya ya sami abin faɗa.

Gwiwar hannu ta shiga.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji ta.

Irin wannan gilashin ba a fasa shi ta tsakiya. Duk mai aikin ya sani. Ƙarfinsa na tsakiya, rauninsa na kusurwa.

Na saki jikina ƙasa, kafaɗata ta yi ƙara kamar za ta ɓalle. Ban iya ganin komai sosai. Na lalubi kusurwar da kan gudumar.

Na buga.

Na sake bugawa.

Na ce Bismillahi a zuci, tunda baki ya ƙi, na buga karo na uku.

Tagar ta yi fari fat, ta tsaya haka kamar ƙiftawar ido, sannan ta zube gaba ɗaya, na ciki da na waje. Ragar ta faɗo kaina. Na faɗi rigingine, hannuna a ƙirjina, cikakke, da kaurinsa.

Iska ta shigo, mai sanyi, mai warin laka.

Sai suka fara wucewa.

Ban ga kowa ba. Amma ɓarɓashin gilashin da ya watsu a ƙasa ya fara ƙara. Ƙurus. Ƙurus. Ina kallo yana nutsewa wuri-wuri, sawu bayan sawu, ta gefen kunnena, ta kan ragar, wasu ta kan cikina. Ba nauyi, sanyi kawai. Suna shiga bangon gabas suna ɓacewa. Na ji ruwa na kaɗawa cikin tulu. Na ji wani yana tari. Na ji kukan jariri, an lallashe shi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na runtse ido ina ƙoƙarin jan iska, tana shiga kaɗan-kaɗan kamar ta tsinken tsintsiya.

Sawun ƙarshe ya tsaya daidai kaina.

Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya wuce.

Kwaɗo ɗaya ya yi kuka. Sauran suka amsa.

Hannu ya kama wuyan rigata ta baya, aka ja ni a ƙasa har baranda. Baba Lamidi ne, yana haki, yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan kalmomin. Ya juye mini sauran ruwan butarsa a fuska. Ruwan sama ya sauko a daidai lokacin, ya rufe komai da ƙara.

"Ka gan su?" ya raɗa.

Na gyaɗa kai.

"To kada ka ba ni labari. Ni a nan nake kwana."

Shi ya tsayar mini da mota, ya gaya wa direban inda zai kai ni. Ramota na ganina ta saki kwanon da ke hannunta. Ta zauna tana cire mini ɓarɓashin gilashi daga gashi da wuya, ba ta tambaye ni komai ba sai da gari ya waye.

Ranar Juma'a na koma da hantsi, hannu naɗe da tsumma. Na tarar da Alhaja da Injiniya tsaye kan tarkacen. Na gaishe ta, na ce zan sa mata gilashi kafin yamma, tsantsa, babu raga, kuma ba zan karɓi komai ba.

"Ashirin da uku da ado, ɗaya tsirara?" ta ce. "Shagon 'yata?"

"Ma, wurin nan ba ya son ƙarfe."

"Wurin ne ya gaya maka?"

"E, Ma."

Injiniya ya kai babban yatsa baki ya karkata kai, alamar mai kwankwaɗar kwalba. Ban taɓa shan giya ba a rayuwata. Na dubi Baba Lamidi, yana can yana shara, bai ɗago ba.

Alhaja ta dube ni. Sannan ta dubi ƙasa, inda ɓarɓashin ya nutse wuri-wuri a layi ɗaya daga taga zuwa bango. Na ga ta gani. Ta gyara mayafinta, ta ja da baya taku ɗaya.

"Sa tsantsar," ta ce. "Lokaci ya ƙure. Amma Akobo ka manta da shi."

Na sa. Tana nan har yau, ba abin da ya taɓa ta. An yi bikin buɗewa, ba a gayyace ni ba. 'Yan Legas suka yi Akobo. A Gbagi kuwa labarin da ya zaga shi ne Mukaila ya sha ya fasa aikinsa da guduma, kuma sai da na shekara biyu kafin babban aiki ya sake zuwa shagona. Wannan duk na iya ɗauka. Yanzu in aka kira ni sabon gini, nakan fara neman tsohon unguwa in tambaye shi abin da ke wurin a da. Masu gini suna ganin ɓata lokaci ne. Su ta shafa.

Abin da ban iya ɗauka ba, bayan sati guda ya bayyana. Ina goge wani gilashi a shago, na ga tabon yatsa. Na hura masa iska don in share, yadda kowa ke yi. Hazo bai fito ba. Na matsa kusa na sake hurawa, har leɓena ya taɓa. Gilashin na nan garau.

Na ce ƙila zafin gari ne. Na shiga ciki na kira Ramota, na ce ta kawo ɗan madubinta.

"Hura," na ce.

Ta hura. Hazo ya rufe fuskarta a ciki, ya janye.

Ta miƙo mini. Na cika ƙirji, na hura har sai da na ga jiri.

Ta karɓa ta duba. Ta juya shi wajen haske ta sake dubawa. Sannan ta aza tafinta a ƙirjina, ta tsaya tana jin yadda yake hawa yana sauka.

"Kana numfashi ai," ta ce. "Baba Sikira, ga shi ina ji, kana numfashi."

"Na sani."

Ta kife madubin a kan tebur, ta bar hannunta a kansa.